MAƘALAR MAKO: Bashin Haraji Daga Alƙalami Yake Farawa



A labaranmu mun saba da bashin ɗan kasuwa da bashin aure da na adashi, amma da wuya ka ga marubuci ya taɓo bashin haraji, alhali shi ne bashin da ya fi kowanne tayar da kakanninmu daga garuruwansu. Wanda ya zauna da dattawan Jama'a ko Getso ko Kutama a ƙasar Gwarzo, ko na Garo da Godiya a ƙasar Kabo, ya ambaci kalmar haraji, zai ga yadda fuskokinsu ke sauyawa. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne asalin wannan bashi. Idan aka bi tarihi za a tarar sau da yawa ba daga ƙin biya yake farawa ba. Daga rajista yake farawa, wato daga abin da wani mai alƙalami ya rubuta a kan sunan mutum, daidai ko ba daidai ba.

Haraji ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. A zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, an tsananta karɓar kuɗi a kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka koma Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya sa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin da ya lissafa wa sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙ. Duk da haka haraji bai ɓace ba bayan jihadi. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci na biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, kowace karofi wuri 700, kowace bishiyar dabino wuri 600. A wancan lokaci hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke fita ƙauyuka su tattaro. Zalunci yana nan, amma lissafin a ka yake da baki, kuma a shekarar da damina ta ƙi ana iya roƙon sassauci.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Babban abin da ke gabansu shi ne kuɗin gudanar da mulki. A 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta nufi dunƙule tsofaffin kuɗaɗen nan iri-iri su zama haraji guda. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga birni kowa ya je ya zauna cikin mutanensa, babban aikinsa tara haraji. Daga baya aka kafa Baitulmali, tsarin da Palmer ya fara a Katsina ya bazu zuwa sauran masarautu wajen 1911. Rabin abin da aka tara ya zauna a hannun En'e, rabi ya tafi ga gwamnati, kafin a 1928 a ɗaga kason manyan En'e irin ta Kano zuwa kashi 70 cikin 100.

A nan ne abubuwa biyu suka sauya wa talaka rayuwa. Na farko, haraji ya koma sai da kuɗin Turawa, sule da fam, ba wuri ba, ba damin gero ba. Na biyu, lissafi ya shiga takarda.

A gundumomin da ke kewaye da birni, daga wajen 1909 aka ɓullo da tsarin taki. Malaman taki su ne za su zo su taka tsawon gonar mutum da faɗinta da ƙafa, su rubuta, a yanka masa haraji gwargwadon girmanta. A takarda abin kamar adalci ne. Amma takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma ƙafar malamin da aka yi wa fura da kaza ba ɗaya take da ta wanda aka bari da ƙishirwa ba. Manomi bai iya boko ba, bai san abin da aka rubuta a kansa ba sai ranar biya. Idan an ƙara masa taku, to ƙarin zai bi shi shekara da shekaru, domin ba kullum ake sake awo ba. Ƙorafi ya yi yawa har su Turawan da kansu suka amsa cewa tsarin cike yake da cin hanci, a hankali aka yi watsi da shi.

Tsarin da ya tabbata a ƙarshe, wanda dattawanmu na Gwarzo da Kabo suka fi tunawa, shi ne na ƙidayar maza baligai. Malamin haraji zai zo da rajista, mai unguwa ya kira sunayen gida-gida. A ƙirga baligan ƙauye, a yanka wa ƙauyen jimillar kuɗi, sannan dagaci da masu unguwanni su raba wa mutane, mai hali a ɗora masa da ɗan nauyi, maras hali a rage masa. Makafi da kutare da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare an yafe musu. Fulani kuwa da damina ake ƙirga shanunsu a karɓi jangali kan kowace saniya.

Ku lura da inda matsalar take. Gwamnati ba ta san mutum ɗaya ba, jimilla ta sani. Idan rajista ta ce ƙauye na da baligai ɗari biyu, kuɗin mutum ɗari biyu za a kai wa hakimi, ko da goma sun rasu da rani, ashirin sun yi ƙaura. Sunan mamaci kan zauna a takarda har sai an sake ƙidaya, kafin nan rayayyu ne za su biya masa. Yaron da ya yi saurin girma sai a rubuta shi baligi, dattawa har suna ba da labarin yadda ake ɗaga hannun yaro a duba hammatarsa. Wanda ba ya shiri da mai unguwa sai a sa shi a layin masu hali. Kuma wurin wa zai kai ƙara? Wanda ya rubuta shi ne mai karɓa, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk na En'e ne.

Shi ma dagacin ba a kwance yake ba. Idan kuɗi bai cika ba shi za a tuhuma, ko ya cika daga aljihunsa ko rawaninsa ya tafi. An tuɓe dagatai da hakimai masu yawa a ƙasar Kano kan giɓin haraji, wasu don sun ci, wasu don sun kasa tarawa. Matsin da ya taso daga Razdan sai ya sauka kan Di'o, ya gangaro kan hakimi, ya bi ta kan dagaci da mai unguwa, ya ƙare a kan mai fartanya.

Lokacin biya shi ne kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha, domin kowa ya fito da nasa kasuwa a lokaci guda. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin biyan haraji, manomi ya rage gonar gero ya ƙara ta gyaɗa. Da yunwar Kakalaba ta auka a 1913 zuwa 1914, rumbuna da yawa ba kowa a ciki, kuma ba a daina neman haraji ba. Da farashin gyaɗa ya karye a farkon shekarun 1930, adadin da ke rajista bai sauko daidai da faɗuwar farashin ba. Wanda ya kasa biya, hanyoyinsa sanannu ne: ya sayar da akuya, ya jinginar da gona, ya ci bashin dami ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya tafi cin rani. Wani kuwa cikin dare zai kwashe iyalinsa. Ƙasar Gwarzo tana bakin iyakar Kano da Katsina, tsallakawa ba ta da wuya. Amma duk wanda ya gudu, nauyinsa ya bar wa maƙwabta, su ma su ƙara kusantar gudu. Ga wanda aka kama kuwa, akwai shanyawa a rana a ƙofar gidan dagaci, akwai ɗauri. Takardar haraji ta zama kamar fasfo, ba ka shiga kasuwa ko ka hau mota da kwanciyar hankali sai da ita a aljihu.

Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, maganar haraji da jangali ta zama cikin manyan makamanta. Malam Aminu Kano da mabiyansa sun riƙa koya wa talaka ya tambayi nawa aka yanka masa, ya karɓi rasit, ya ƙi biyan abin da ya wuce na takarda. Da yawa sun sha ɗauri a kan wannan. Sai bayan kusan shekara talatin, a 1979, gwamnatocin PRP na Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali suna hawa mulki. Har yau idan dattijon ƙauye ya ambaci Rimi da alheri, wannan ne abin da ya fara tunawa.

To ko maganar ta ƙare ke nan? A'a, riga ta sauya. Tun farkon shekarun 1960 ake yankar harajin ma'aikata daga albashi kafin ya shiga hannu, tsarin da Ingila ta fara a 1944. A can kowane ma'aikaci yana da lambar da ke nuna adadin da za a yafe masa, idan lambar ta zo ba daidai ba sai a yi ta yankarsa fiye da ƙima, ko a yanka ƙasa da ƙima daga baya a biyo shi bashi. A nan gida kuskuren kan zo ta wata fuskar: a sa ma'aikaci a matakin da ba nasa ba, a manta cire kuɗin fanshonsa kafin lissafi, a buɗe wa mutum ɗaya lambar shaidar haraji biyu saboda an rubuta sunansa Muhammad a nan, Mohammed a can, ko wurin aikinsa ya yanki kuɗin bai kai wa hukuma ba. Ba zai sani ba sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, a ce masa ana bin sa. Mai shago a ƙaramar hukuma shi ma haka, ya rufe shago shekara biyu amma sunansa na nan a kundin masu karɓa. Tsohon sunan mamacin nan ne, sai dai yanzu a kwamfuta yake.

Bambancinmu da kakanninmu shi ne yau akwai ƙofar ƙorafi a rubuce. Dokar 1998 ta zayyana abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane na jiha ne, a nan hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kano. Ƙaramar hukuma nata su ne irin kuɗin shago da rumfar kasuwa da mahauta da kura da amalanke. Dokar ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Wanda aka aiko wa takardar kimantawa bai yarda da ita ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa tare da dalilai. Idan ya yi shiru wa'adin ya wuce, adadin ya tabbata a kansa ko da kuskure ne, tara da ruwa su fara hawa. Idan hukuma ta ƙi saurarensa akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda zamanta na Arewa maso Yamma ke Kaduna. Sababbin dokokin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, masu aiki daga 1 ga Janairu 2026, sun yafe haraji kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, sun kuma tanadi ofishin mai sauraren koke-koken masu biyan haraji. Saboda haka duk ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana yi masa lissafi da sabon ma'auni. Wanda bashin nasa na gaskiya ne, ya je da ƙafarsa ya nemi a rubuta masa adadin shekara-shekara, ya cire abin da yake da rasit a kai, ya roƙi a bar shi ya biya sauran kaɗan-kaɗan. Kada ya ba kowa kuɗi a hannu ba rasit. Bashi hanji ne, amma a tabbata naka ne kafin ka ɗauka.

Mu kuma marubuta, ga fili nan da ba a nome ba. Malamin harajin da ya tarar da sunan surukinsa a layin waɗanda za a kama, dagacin da ke tsakanin rawaninsa da mutanensa, uwar da ke ɓoye ɗanta a rumbu ranar ƙidaya, Bafulatanin da ke kora rabin garkensa daji kafin masu jangali su iso, kowane ɗaya littafi ne sukutum. Wanda ya biya haraji yana saurayi kafin 1979, yau ya haura sittin, waɗanda suka ga na zamanin En'e kuwa kullum raguwa suke yi. Ku je ku zauna da su. Ku tambayi nawa suka biya, wa ya rubuta sunansu, me suka sayar, wa ya gudu daga unguwarsu bai dawo ba. Wani ma in ka yi sa'a zai ciro maka tsohuwar takardar harajinsa daga ƙasan adaka. Ku rubuta adadin da shekarar yadda suka faɗa, kada ku ƙara taku ko ɗaya.

Wanda ya ji wani labarin haraji daga bakin kakansa, muna jiran sa a nan ƙasa, tare da sunan garin da abin ya faru. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa alƙalumanmu su zama na gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.