Askari, Baƙon Bagadaza a Zaurukan Katsina

A zaurukan malamai na Batsari da Ruma, da na Safana da Runka, ɗalibin ilimi ya san hanyar da zai bi tun kafin ya shimfiɗa buzu. In ya sauke Alƙur'ani sai ya ɗauki Ƙawa'idi, ya bi da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala. Daga nan sau da yawa malam yakan ce masa, "Malam, sai ka nemo Askari." Shi ne littafin da ke ɗaure wa ɗalibi gindi kafin ya tunkari Muhtasar, wanda kowa ya san ba a shigarsa da gaggawa.

Sunan ya zauna a baki har wani zai ɗauka a nan gida aka raɗa shi. Askari kuwa mutumin Iraƙi ne. Sunansa Abdurrahman bn Muhammad bn Askar, Babagadaje, littafin nasa kuma Irshadus Salik. Hausawa suka bar sunan littafin suka kama na mai shi, kamar yadda suka yi wa Ahalari da Ishmawi.

An haifi Ibn Askar a shekara ta 644 bayan Hijira, wato wajen 1246. Yana ɗan shekara goma sha biyu ke nan lokacin da rundunar Mongol ƙarƙashin Hulagu ta faɗa wa Bagadaza a 1258, ta kashe Halifa Musta'asim, ta kawo ƙarshen halifancin Abbasiyawa a birnin da Halifa Mansur ya kafa tun 762. An kashe malamai, an lalata ɗakunan littattafai, an bar unguwanni kufai. A wannan birni da aka ɗaiɗaita yaron ya yi karatu, ya kai matsayin mai koyar da fiƙihun Malikiyya a makarantar Mustansiriyya da ke bakin kogin Dijla. An aza harsashinta a 1227, kuma ta shahara da tara mazhabobi huɗu a haraba ɗaya, kowace da sashenta da malaminta. Ginin na nan tsaye har yau.

Dalilin rubuta littafin yana cikin gabatarwarsa, kuma duk uba zai gane shi. Ɗansa ne ya tasa, ya roƙe shi ya tsara masa littafi gajeren lafazi mai yalwar ma'ana, wanda zai iya haddacewa. Uban ya amsa. Ya rasu a 732 bayan Hijira, wajen 1332.

Malikiyya ta taɓa yin ƙarfi a Iraƙi. Tana da manyanta, irin su Alƙali Isma'il da Abhari, da Alƙali Abdulwahhab mai littafin Talƙin, wanda ƙuncin rayuwa ya sa ya bar Bagadaza ya koma Masar, ya rasu can a 1031. Bayansa mazhabar ta yi ta ja da baya a ƙasar. Yau Shi'a ne suka fi yawa a Iraƙi, Ahlussunnarta kuwa galibi Hanafawa ne da Shafi'awa. Littafin da aka rubuta domin yaro ɗaya a Bagadaza ya rasa masu karatu a gida, ya same su a ƙetaren Sahara, inda malami ke jan kalma ɗaya ta Larabci ya fassara ta da Hausa, ɗalibi na bi da yatsa yana cewa na'am.

Ba shi kaɗai ya yi wannan tafiya ba. Mai son luga yakan zauna da Maƙamatul Hariri, labarai hamsin na wani mai zalaƙa, Abu Zaid, waɗanda Hariri mutumin Basra ya tsara kafin rasuwarsa a 1122. Ma'aunan waƙa da Halilu bn Ahmad ya tsara a Basra su ne malaman jihadi da almajiransu suka ɗora waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci a kai. Ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda Shehu Usman ɗan Fodiyo ya riƙe har ake kiran jama'arsa Ƙadirawa, tana komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani da ke kwance a Bagadaza tun 1166. Ko ƙira'ar Hafsu da yaran Islamiyya ke rerawa yanzu, gefe da Warshu na makarantar allo, daga Kufa ta fito. Labarin Bayajidda, ɗan sarkin Bagadaza da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura, ya fi duk waɗannan shahara a bakin 'yan firamare, kodayake masana tarihi suna ɗaukarsa a matsayin labarin kunne ya girmi kaka. Na Askari kuwa ana iya riƙe shi a hannu, a buɗe, a ga sunan marubucin da garinsu.

Katsinawa ba su tsaya ga karɓa ba. Shehu Abubakar bn Hasan Alkashnawi, haifaffen Kusada, ya yi ƙaura zuwa Makka ya zauna yana karantarwa. A can ya yi wa Askari sharhi mai juzu'i uku, As'halul Madarik, wanda ya warware gajerun jumlolin Ibn Askar ya kawo musu hujjoji daga manyan littattafan mazhaba. Ya rasu a 1397 bayan Hijira, wato 1977. Yau ɗalibin Malikiyya a Maroko ko Masar da ya nemi mai buɗe masa maganar malamin Mustansiriyya, sau da yawa sharhin Bakatsine ne yake cin karo da shi. Abin takaici ne a ce yara da yawa a jihar da ta haife shi ba su taɓa jin sunansa ba.

Shekarun nan ƙasar Batsari da Safana ta sha wuya. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tayar da ƙauyuka, iyalai sun kwararo cikin gari, wasu sun nausa Dutsin-ma da birnin Katsina. Inda ƙauye ya watse, zauren malam ma yakan watse, domin ɗaliban ilimi manoma ne da 'yan kasuwa masu ɗaukar karatu bayan asuba kafin su fita nema. Malamin da ya samu fitowa da gafakarsa yakan nemi rumfa ko gefen masallaci a inda ya sauka, ya tambayi ɗalibin da ya biyo shi babin da suka tsaya.