Gwajin Ƙoda: Abin da Ake Dubawa a Jini da Fitsari

Ciwon ƙoda yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Kafin ƙafa ta kumbura, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa, don haka gwaji ne ke gano ta da wuri. A Sakkwato, za ka iya yin gwajin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama.

Wa ya kamata ya yi gwajin?

Idan kana da hawan jini ko ciwon suga, ka yi aƙalla sau ɗaya a shekara. Haka kuma ka nemi shawarar likita idan kana da sikila, ko akwai mai ciwon ƙoda a danginku, ko ka daɗe kana shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen.

Gwajin jini

Ana auna kiriyatinin, wato dattin da tsokar jiki ke samarwa, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari. Idan ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jini. Da wannan awon, tare da shekarunka da jinsinka, ake lissafa eGFR, lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Daga 90 zuwa sama tacewar lafiya take. Ƙasa da 60 alamar rauni ce, ƙasa da 15 kuma ƙoda ta kusa gazawa. Akan haɗa da awon yuriya da fotasiyam, domin yawan fotasiyam na iya rikita bugun zuciya.

Gwajin fitsari

Lafiyayyar ƙoda takan hana furotin zubewa cikin fitsari. Gwajin ACR yana auna albumin, wani nau'in furotin, kuma sakamakon 30 mg/g ko fiye yana buƙatar bibiya. Wannan yakan bayyana tun kafin gwajin jini ya nuna komai, musamman ga masu suga. Shi ya sa ake yin biyun tare.

Yadda za ka shirya

- Ka guji tsire, balangu da sauran nama na awa 12 kafin a ɗebi jini, domin suna ɗaga kiriyatinin.
- Ka sha ruwa yadda ka saba. Zafin Afrilu a Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma ƙarancin ruwa a jiki na iya canza sakamako.
- Fitsarin farko na safe ya fi dacewa.
- Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, har na gargajiya.
- Zazzaɓi, cutar mafitsara da jinin al'ada suna shafar gwajin fitsari, don haka a sanar da ma'aikaci.

Bayan sakamako ya fito

Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da daɗaɗɗen ciwon ƙoda. Sai matsalar ta ci gaba fiye da wata 3, don haka likita zai sa a maimaita. Ka adana takardun sakamakonka, ka zo da su duk ranar ganin likita. Amma idan fitsari ya ragu sosai, ko numfashi na yi maka wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ka tafi asibiti nan take.