Tarihin Sa Hannu a Gidan Waya a Damargu

Darasinmu na yau tarihi ne, a kan sa hannu.

Tun zamanin Faransa, kafin ƴancin kai na 1960, wasiƙu da ƙunshin kaya daga Damagaram suke tasowa, su bi hanyar Agadas, su sauka Tanut. Mai kayan kuwa yana can ƙauye ko ruga, wajen Belbeji, tafiyar yini ko fiye. In ya iso bai iya rubutu ba, sai ya dangwala yatsa gaban shaidu. In bai iso ba, akan samu ma'aikaci ya sa hannu a madadinsa, ya ba wani ɗan garinsu ya kai masa.

Taimako ne, ban musa ba. Amma da zarar an sa hannu, a wurin hukuma kaya sun isa ke nan. Lokacin farin 1973 da 1974 samari da yawa sun tafi cin rani Kano. Wata gwaggon babana, ɗanta ya aiko mata turmin atamfa daga can. Da ta je nema, aka buɗe littafi, aka nuna mata sunanta, wai ta karɓa. Ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba! Wa za ta kai ƙara? Ba ta ma iya karanta ranar da aka rubuta ba.

A 1963 aka fara yaƙi da jahilci a Nijar. Har yau abin da dattawa ke fara roƙona a aji shi ne rubutun sunansu. Gobe kowa ya zo da allonsa da alli, da sunan za mu fara.