Yadda ake gane sahihin labari daga gida

Labarin da ya cancanci a karanta shi ne wanda ya amsa tambaya huɗu: me ya faru, a ina, yaushe, kuma wa ya shaida. Mu mazauna Sabo ta Ibadan, Agege ko Ama Hausa ta Owerri, da labari muke yanke shawarar tura kuɗi gida ko kama hanya, don haka abin ba wasa ba ne.

Bari in ba da misali da Maiduguri. Ranar 10 ga Satumba 2024 ruwa ya mamaye birnin bayan ɓallewar madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda. Ya shiga Gwange, kasuwar Monday Market, fadar Shehun Borno, asibitin koyarwa na jami'a da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Wanda ya rubuta cewa gari ya nutse ƙurmus, hankali kawai ya tayar, domin ruwan bai ci ko'ina ba. Wanda ya jero unguwanni shi ya taimaki mai iyali a can.

Ni abu uku nake dubawa. Na farko kwanan wata: an yi irin wannan ambaliya a 1994, kuma tsohon hoto yakan dawo a matsayin sabo. Na biyu majiya: hukumar NEMA ce ta faɗa, ko "an ce"? Na uku, in marubucin ya yi kuskure, yana fitowa ya gyara?

In babu waɗannan, kada ka tura wa kowa. Fara kiran gida tukuna.