Gina gidan haya a Yamai: zaɓen unguwa da neman jari

Kullum mutane na ƙaruwa a birnin Yamai, shi ya sa ƴan kasuwa da ma'aikata da dama ke zuba jarinsu a gidajen haya. Sai dai ga sabon shiga, arahar fili ba ita ce abin dubawa na farko ba.

Kowace unguwa da irin ƴan hayarta. Plateau da Kwara Kano sun fi jan ofisoshi, ƙungiyoyi da baƙi ƴan ƙasashen waje. Hayarsu na da tsoka, amma fili na da tsada, kuma babban gida kan daɗe a rufe idan baƙi suka ragu. A Harobanda, tsallaken kogi, inda jami'ar Abdou Moumouni take, ɗalibai ba su rasa neman ɗaki. Unguwannin gefe irin su Bobiel da Niamey 2000 sun fi dacewa da ɗaki da falo na magidanta, muddin wutar NIGELEC da ruwan pampo sun isa wurin.

Damina ce ke tona asirin fili. Ambaliyar 2020 ta rusa gidaje da yawa a unguwannin bakin kogi kamar Lamorde da Saga, don haka ya kamata mai saye ya leƙa wurin a watan Agusta kafin ya biya.

Sai batun takardu. Shaidar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba, domin akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A tantance acte de cession a ma'aikatar magajin gari, a yi cinikin gaban notaire, sannan a nemi titre foncier, takardar da bankuna suka fi karɓa a matsayin jingina.

Wajen kuɗi, da yawa kan gina kaɗan-kaɗan da ajiyarsu, da adashe, da aiken ƴan uwa mazauna waje: su kammala ɗaki biyu, hayarsu ta tada na uku. Mai albashi na iya neman bashi a Banque de l'Habitat du Niger, mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tuntuɓi Banque Islamique du Niger.

Kafin sa hannu, a lissafta hayar wata goma kacal a shekara, a cire haraji, gyara da ladan dillali. Idan ragowar ba ta biyan bashin, daga aljihun mai gida cikon zai fito.