Sauye-sauyen Sunayen Yara a Ƙasar Hausa: Waiwaye Domin Masu Tsara Manhaja

Duk malamin da ya kwatanta rajistar ajinsa da littafin karatun da ke hannunsa zai tarar da giɓi. Littafi na maganar Tanko da Kande, rajista kuwa cike take da Khalifa da Amira. Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin wannan sauyi, domin mu ga abin da ya kamata manhaja ta yi da shi.

A tsarin gargajiya, sunan Bahaushe bayani ne na yanayin haihuwarsa. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu macen da ta biyo bayan maza, Gambo kuwa mabiyin tagwaye. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa takan kira jaririnta Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta ƙyale.

Musulunci ya shigo da tsari na biyu sannu a hankali. Tarihin Kano ya fara jerin sarakuna da Bagauda da Warisi da Gijimasu. A zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), wanda Wangarawa suka zo a lokacinsa, muka ga sarki mai suna Ali, daga baya kuma Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Jihadin 1804 ya ƙarfafa raɗa sunayen Annabawa da Sahabbai, sunayen gargajiya suka koma laƙabi. Hatta sunayen ranaku, irin su Ladi da Talatu da Ɗanjuma, daga Larabci ranakun nasu suka samo asali. Amma harshe bai karɓi baƙin sunaye yadda suka zo ba. Ya sarrafa su. Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Maryam ta zama Mairo. Alkunya ma ta taimaka, domin wanda ya ci sunan kakansa ba a kiransa da shi a gida, sai a ce Abba ko Baba. Girman shugabannin jihadi ya sa har yau ana kiran Usman da Shehu.

Makarantar boko ta zamanin Turawa ta buƙaci suna na biyu a rajista, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Wannan al'ada ce ta ba mu sunaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Bayan samun mulkin kai a 1960, siyasa ta shiga zanen suna. Kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 ya yawaita masu sunansa, yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kawo Saddam, shekarar 2001 kuma ta farfaɗo da Usama. Irin waɗannan sunaye kan nuna shekarun mai su tun kafin a tambaye shi.

Daga shekarun 1970, yawaitar zuwa aikin hajji ta jirgin sama da bunƙasar makarantun Islamiyya sun sa iyaye komawa ga lafazin Larabci. Dije ta koma Khadija, Indo ta koma Aisha. Littattafan soyayya na shekarun 1980 da finafinan Hausa na shekarun 1990 sun ƙara yayata sababbin sunaye, musamman a birane.

Idan muka haɗa waɗannan matakai, za mu ga cewa a da suna yana faɗin yadda yaro ya zo duniya, yanzu kuwa ya fi faɗin burin iyayensa da waɗanda suke kallo da daraja. Haɗarin da ke gaban manhaja iri biyu ne. Idan muka ci gaba da koyar da tsohon jeri tamkar shi ne yayi, mun ɓatar da ɗalibi, musamman mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Idan kuma muka share shi, jikan Ajuji ba zai san baƙin cikin da sunan kakarsa ke ɗauke da shi ba. Saboda haka muna ba da shawarar a koyar da sunaye zamani bayan zamani, a kuma sa kowane ɗalibi ya tattaro sunayen gidansu na zuriya uku, tare da dalilin kowane suna, tun masu bayanin suna raye.