Tarihin Zane Mai Motsi a Fagen Koyarwa

Wanda duk ya zauna gaban kwamfuta yana ɗaukar darasi ta intanet, ya ga wani mutum na zane yana motsa baki yana ƙifta ido, yana yi masa bayanin yadda ake kashe gobara ko yadda ake cika takardun ofis, lalle zai yi tsammanin wannan fasaha haihuwar jiya ce, alhali kuwa ta haura shekara ɗari a duniya, kuma a barikin soja aka yanke mata cibiya.

Asalin mas'alar lissafi ne. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka mai zanen da yake son surarsa ta yi motsi irin na mai rai, tilas ne ya zana ta aƙalla sau 12 domin daƙiƙa guda, wato zane 720 domin minti ɗaya tak. A shekarar 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya fito da dabarar yin zane a kan leda garai-garai wadda ake ganin abin da ke bayanta, ta yadda ɗaki da bango za su tsaya cik a takarda guda, a sake zana hannu ko baki kaɗai a ɗora a kai. Ya haɗa gwiwa da John Randolph Bray na birnin New York, kuma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ma'aikatar Bray ta yi wa soja finafinan horo, inda Max Fleischer ya shirya waɗanda ke koyar da karatun taswira da sarrafa bindiga.

Amma sana'ar ba ta balaga ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. A wajejen 1941 ma'aikatar Walt Disney ta yi wa kamfanin ƙera jiragen sama na Lockheed wani gajeren fim, Four Methods of Flush Riveting, a kan hanyoyi huɗu na buga ƙusa a jikin jirgi har kanta ya lafe daidai da fatar ƙarfe, kada iska ta sami abin kamawa. Babu ɓeran nan na Disney mai wando a cikinsa, babu raha. Falle biyu ne na ƙarfe da aka nuna kamar an tsaga su ta tsakiya, sai rami, sai ƙusa tana sauka a hankali, sai muryar mai bayani. Duk abin da bai shafi ƙusar ba yana nan daskare. Na'urar ɗaukar hoto ba ta iya leƙa cikin ƙarfe, amma alƙalami yana iyawa, kuma tun da idon ɗan Adam yakan bi abin da ya motsa ko mai shi bai yi niyya ba, sai ya zamana ƙarancin kuɗi da ƙurewar lokaci, waɗanda su ne suka hana masu zanen motsa kome da kome, sun zame wa ɗalibi rahama. A ganina a nan ne aka rarrabe farillar motsi da nafilarsa, kuma fim ɗin koyarwa farillar kaɗai yake bukata. John Grierson, shugaban hukumar finafinai ta Kanada, da ya ga fim ɗin ƙusar sai ya ba Disney kwangila, cikinta har da fim na koyar da bindigar fasa tankar yaƙi. Bayan harin Pearl Harbor kuwa, a Disamba 1941, galibin aikin ma'aikatar Disney ya koma na gwamnati da soja.

Akwai wata hanya daban da aka bi a lokacin, ta koyarwa da mummunan misali. Daga 1943 zuwa 1945 masu zanen Warner Bros., irin su Chuck Jones da Friz Freleng, sun yi jerin finafinan Private Snafu, wani kurtu gafalalle wanda yakan ƙi shiga gidan sauro zazzaɓi ya kama shi, ya kuma saki baki abokan gaba su ji sirri. Soja suna dariya suna ɗaukar izina.

Da talabijin ya zo, kuɗi suka ƙara ƙaranci, sai tsimi ya kai maƙura. Wani mai ɗaukar hoto, Edwin Gillette, ya ƙirƙiro dabarar Syncro-Vox, inda ake ɗaukar hoton leɓunan mutum na gaske yana magana, a liƙa su a fuskar zane wadda ba ta ko motsi, kuma da ita aka yi shirin yara na Clutch Cargo a 1959. Wanda ya kalle shi a yau zai ji tsigar jikinsa ta tashi, domin leɓe mai rai a fuskar da ba ta da rai abu ne da zuciya ba ta natsuwa da shi. Duk da haka, wannan ita ce kakar abin da injuna suke yi yanzu.

Zamanin intanet ya buɗe da manhajar Flash, wadda Macromedia ta saya a 1996, Adobe kuma ta gaje ta a 2005. Da ita aka gina darussa masu ɗimbin yawa, ana yanka surar mutum gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, a haɗa da mahaɗai kamar 'yar tsana. Ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ta janye hannunta daga Flash, darussan da ba a sake musu sutura ba suka daina buɗuwa, wahalar mu'allimai ta shekaru ta salwanta, abin da har yanzu nake jin takaicinsa. Kafin nan GoAnimate, wadda aka kafa a 2007 ta koma Vyond a 2018, ta riga ta sa wanda bai iya ko zana da'ira ba yana harhaɗa sura, sa'an nan kamfanoni irin su Synthesia na Landan, wanda aka kafa a 2017, suka zo da fuskokin da inji ke sa wa magana, har ya zama a yau hoto ɗaya da rubutu sun wadatar.

Abin da ke damuna shi ne, da motsi ya yi araha sai israfi ya shigo, kuma galibinsa a fuska yake ƙarewa, kai yana gyaɗawa, gira tana ɗagawa, alhali abin da ake koyarwa yana can gefe ba ya motsi. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya wallafa littafinsa Multimedia Learning a 2001, ya daɗe yana gwada wannan a kan ɗalibai, ya kuma tarar cewa ƙawar da ba ta shafi darasi ba tana rage fahimta, sanya hoton mai magana a allo kuwa ba lalle ne ya ƙara kome ba. Abin da ya ga yana da fa'ida shi ne murya irin ta mutum tana bayani a daidai lokacin da zanen yake nuna abin da ake magana a kai, da kuma sura mai nuni da hannu zuwa wurin da ake son ɗalibi ya duba.